Shekarar da Na Yi Ina Tura Surukina

Ni tela ne. Shagona yana bakin hanyar da ta fito daga unguwarmu ta gangara kasuwar Illela, kuma ban taɓa mallakar mashin ba. Amma akwai shekarar da na san halin wani mashin fiye da yadda na san halin keken ɗinkina. Na surukina ne, mahaifin matata, wanda nake kira Baba.

Baba ɗan kasuwa ne, dabino yake sarowa a Kwanni ya kawo rumfarsa. 'Ya'yansa maza sun yi nisa wajen neman abinci, ɗaya a Agadas ɗaya a Ikko. Su suka haɗa kai suka aiko masa da sabon mashin mai sitata, don gwiwarsa ta dama ta fara ƙin buga kik. Ranar da aka kawo shi, Baba ya tara maƙwabta a ƙofar gida, ya danna maɓalli inji ya tashi, ya kashe, ya sake dannawa, kowa ya sa albarka. Jan mashin ne lafiyayye, ba abin da ya rasa.

Matsalar tana jikin Baba ne. Kunnensa ya yi nauyi, kuma duk gidan ba mai iya faɗa masa. Shi a ganinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Da ya danna odar mashin ya ji ta can ƙasa-ƙasa, sai ya yanke hukunci cewa masu ƙera shi sun yi ha'inci.

"Odar ga ba ta da murya," ya ce mini wata safiya a bakin shago. "Ji hwa, awa kukan ɗan tsako."

Ya danna. Wata mai tallan fura da ke wucewa ta zabura har faifan da ta rufe ƙwarya da shi ya faɗi ƙasa.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Wanda bai yi surukuta a wajenmu ba zai ce me ya hana ni faɗin gaskiya. Ni ko ido ba na haɗawa da Baba. In ya tsaya a shago durƙusawa nake yi, in ya yi magana amsata ba ta wuce "to" da "haka ne". Shi ma bai taɓa kama sunana ba, "mai ɗinki" yake ce mini.

A bakin kasuwar Kwanni akwai wani mai sayar da kayan ƙawar mashin, mutum mai zaƙin baki wanda bai taɓa ce wa mai saye abu ba ya yiwuwa ba. Wajensa Baba ya je, ya dawo da odar babbar mota an ɗaure masa ita a ƙarƙashin fitila. Zuwa na gaba ya dawo da manyan fitilu farare biyu, don ya ce ta kamfani ba ta haska rami sai mutum ya faɗa cikinsa. Mutumin ya ƙara masa gyara da wata igiyar fitila shuɗiya da ke zagaye tanki tana ƙyaftawa. Daga nan aka sa akwatin sauti da lasifika, don Baba ya riƙa jin karatu a hanya, aka sa cajar waya a jikin kan mashin. Na ƙarshe shi ne faffaɗan matakin ƙafa mai walƙiya, don gwiwar nan ta samu wurin hutawa. Matakin ya tokare kik, sai mutumin ya cire kik ɗin gaba ɗaya ya ce ai mai sitata ba ya buƙatarsa. Baba ya kawo ƙarfen gida ya rataye shi a zaure.

Na ɗan lokaci Baba ya ji daɗinsa, sauran jama'a kuwa sun ji a jikinsu. In ya taho da yamma daga Gidan Katta, masu amalanke kan sauka daga hanya su shiga gonakin mutane, suna jiran tirela ta wuce, sai su ga tsoho ɗaya bisa jan mashin, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, karatu na tashi. Wata rana a hanyar Lafani ya danna wa wani raƙumi oda. Raƙumin ya watsar da buhunan albasa ya nufi arewa, mai shi na bin sa da gudu. Baba ya tsaya ya taya tsintar albasa, ya ba da haƙuri, amma da ya dawo gida abin da ya ce shi ne raƙuman yanzu ba su da tarbiyya.

Bazara na kamawa mashin ya fara nuna hali. Wata safiya ina tsakiyar yanka shadda na ji sallamar Baba. Ya gangaro da mashin daga gida ba tare da inji ya tashi ba, gangara ta ƙare daidai ƙofar shagona. Ya danna maɓalli, sai wani ɗan "ƙas" da aka ji, shi ke nan.

"Mai ɗinki, ɗan taɓa mani shi kaɗan."

Na ajiye almakashi na kama kariyar bayan mashin na tura. Ban yi nisa ba injin ya kama, Baba ya wuce ko waiwaye babu, na dawo ina haki ina jin daɗi na yi wa suruki hidima. Ban san na samu sabuwar sana'a ba ne.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Abin ya zama kamar gaisuwar safe. Masu shagunan kusa da ni suka riƙe lokacin, da sun hango jan mashin ya gangaro shiru sai su fito da kujeru. Mai shayin da ke kallon shagona har ya fara tanadar mini ruwan sanyi. Na koyi cire babbar riga tun kafin Baba ya iso, na koyi wane takalmi ne ba ya zamewa a yashi. Akwai ranar da na tura shi har kusa da tasha da tef ɗin awo rataye a wuyana, wani mai ɗinkin sallah yana zaune a shago hannuwa a buɗe, yana jiran in dawo in ƙarasa auna masa kafaɗa.

Ba zan ce duk abin wahala ne ba. Mai turi bayan wuyan mahayi yake kallo, kuma a nan na lura wuyan Baba ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Wata rana da injin ya kama, kafin ya ja, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Allah shi yi maka albarka." Wannan kalma ta riƙe ni har mako ya zagayo.

Baba ya ce batir ne na jabu. Ya sayi sabo, aka yi 'yan kwanaki lafiya, sannan shi ma ya kwanta. Ya koma wajen mutumin Kwanni, shi kuwa ya ce batir ɗin Najeriya ne ba shi da ƙarfi, ya sayar masa da wani. Wannan ma ya bi sahun 'yan'uwansa. A majalisar ƙofar masallaci kowa ya kawo nasa. Wani ya ce zafi ne ke shanye wutar, a riƙa rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Wani ya ce baki ne, don mashin ya cika ɗaukar ido. Wani ya ce man bumburutu ne. Ni dai ko ban san inji ba, na lura da abu ɗaya ina turi: in mashin na tsaye fitilun nan sukan yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, in Baba ya danna oda kuwa sai karatun lasifika ya sarƙe. Na san kayan nan sun yi wa mashin yawa. Amma in faɗa wa Baba cewa ƙawar da yake alfahari da ita ce ciwon? Bakina bai kai nan ba.

Matata ta ce, "Shi dai Baba ya kai ma Kawu mashin ɗin ga mana, kowa ya huta."

Kawu makanike ne, yana da rumfa a bayan tasha, kuma duk Illela in wutar mashin ta rikice wajensa ake zuwa. Sai dai taubashin Baba ne, ɗan goggonsa. Tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne, kuma furfura ba ta rage komai ba. Baba ya gwammace ya zagaya ta bayan gari da ya bi ta gaban rumfar Kawu da mataccen mashin.

Ranar wata kasuwa Allah ya yanke mini wahala. Shanu suka cika hanyar da muka saba bi, dole Baba ya karya ta bayan tasha, ina biye da shi ina turi. Ranar kuwa mashin ya ƙi kamawa sam. Na tura, na tura, numfashina ya ƙare daidai gaban rumfar Kawu. Na ɗaga kai na gan shi zaune bisa benci, ya harɗe ƙafa, yana kallonmu kamar wanda aka kawo wa wasa har gida.

"A'a!" ya ce. "Yau mi nika gani? Bawana ya sai mashin mai injin mutum! Wanga inji mi shika sha, fetur ko hura?"

Baba ya juyo gefena. "Mi yac ce?"

Na durƙusa, na ɗaga murya daidai kunnensa. "Cewa ya yi sannu da zuwa, Baba."

"Ƙarya ne. Tun da anka haihe shi bai taɓa yi mani sannu ba."

Kawu ya taso yana zagaya mashin, hannu a baya. Ya leƙa odar, ya taɓa fitilu, ya ja igiyar shuɗiya ya sake ta. Ya tsaya a inda kik ya kamata ya kasance ya daɗe yana kallo.

"Ina ƙahwar mashin ɗin?"

Na ce tana rataye a zaure.

"Madalla. Hwaɗa mashi na ce ko jakin kai amarya ba a yi ma wanga lodi."

Na ce, "Baba, ya ce kayan sun yi kyau, sai dai sun ɗan yi yawa."

Haka na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu da ke jin Hausa ɗaya. Kawu ya saki magana mai ƙaya, ni in cire ƙayar in miƙa wa Baba. Baba ya mayar da tasa, wadda ba ta buƙatar tafinta don duk bayan tasha ana jin ta.

Amma da Kawu ya ɗauko mitar gwada wuta sai ya koma wani mutum. Ya buɗe murfin gefe, ya ɗora wayoyin mita biyu a kan batir, ya nuna mini allon. Ya ce lafiyayyen batir yakan nuna sha biyu da 'yan kai, wannan ko goma bai kai ba. Ya jona wani batir nasa ya ta da injin, ya murɗa mai, ya ce in zuba ido: in mashin na caji lambar za ta hau ta wuce sha uku. Muka zuba ido. Lambar ta tsaya inda take. Ya kunna manyan fitilun, sai ta fara sauka muna kallo.

"Ka gani? Batir randa ce, ba rijiya ba. Sun yi ta sauya randa, ba wanda yal leƙa ya ga ko ana zuba mata ruwa."

Ya fara bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Inda fiyus ya kamata ya zauna ya tarar an naɗa zaren waya, don fiyus ɗin ya yi ta ƙonewa mutumin Kwanni ya gaji da sauyawa. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya ta da gobara a ƙarƙashin mazaunin Baba, kuma in faɗa masa haka. Na ce wa Baba an samu 'yar matsala a wajen fiyus. Sannan Kawu ya zaro wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari daga ƙarƙashin kujera, ya shinshina, ya miƙo mini. Warin ƙonannen roba ya bugi hancina. Ya ce raktifaya ke nan, shi ke karɓar wutar da kwayil ke haifarwa a cikin inji ya gyara ta ya zuba wa batir. Soket ɗinsa ya narke ya manne. Ya gwada kwayil ɗin kansa ya ce da ransa, sai dai an ƙera shi ne don fitila ɗaya da 'yar oda, ba don gidan biki ba.

Ya sa sabon raktifaya da fiyus na gaske, lambar ta hau, Kawu ya yi murmushi. Sai ya kashe mashin ya zare makulli ya ce saura gwaji ɗaya. Ya kwance waya ɗaya daga kan batir ya sa ƙaramin ƙwan fitila a tsakani. Ya ce tunda makulli na hannunsa, bai kamata ƙwan ya nuna komai ba. Ƙwan ya yi ja.

"Akwai ɓarawo cikin gida," in ji Kawu.

Ya riƙa cire kayan ƙawar ɗaya-ɗaya yana duban ƙwan. Da ya cire wayar akwatin sauti sai ƙwan ya mutu. Ashe kai tsaye aka jona shi da batir, bai bi ta makulli ba, ko an kashe mashin yana nan yana tsotsa.

Sai aka shiga ciniki, wanda ya fi gyaran daɗewa. Kawu ya ce a cire komai. Baba ya ce ko ƙusa ba za a taɓa ba. Na yi ta kai da kawowa a tsakani har aka daidaita: igiyar shuɗiya da babbar fitila ɗaya za su tafi, akwatin sauti zai bi ta makulli, kik zai koma wurinsa ko da za a rage matakin. Oda kuwa Baba ya ce sai dai a binne su tare. Cajar waya ma ya ce a bar ta yadda take, don yakan soka wayarsa yana zaune a rumfa mashin na kashe. Kawu ya gwada ta ya ce ba komai, in ba a soka mata waya ba abin da take ci bai taka kara ya karya ba, waya ɗaya kuma ba za ta kashe batir ba.

Baba ya danna maɓalli inji ya tashi. Ya tafi bai yi godiya ba, Kawu ya bi shi da kirarin bawa. Ni kuwa na koma shago ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Ba a rufa mako ba na hango jan mashin ya gangaro shiru. Bambancin kawai yanzu kik nake bugawa maimakon turi, Baba na tsaye a gefe yana gyara mini yadda zan sa ƙafa.

Wannan karon Baba da kansa ya nufi rumfar Kawu, fuskarsa fal farin ciki. Ban taɓa ganin wanda mashin ɗinsa ya lalace yana murna haka ba.

"Ina gwanin? Ga aikinka ya dawo gaishe ka!"

Kawu bai yi dariya ba. Ya sa mita, caji na shiga daidai. Ya sa ƙwan, bai nuna komai ba. Ya ce to ko kwayil ne ke yankewa in ya yi zafi, ya kwance murfin inji ya duba, ya tarar da shi garau, ya mayar yana ƙunƙuni. Ya ce a bar masa mashin ya kwana biyu a wajensa. A rumfar Kawu mashin ya zama na kirki: kowace safiya taɓawa ɗaya yake tashi. Aka mayar da shi gidan Baba, ya sake mutuwa. Aka dawo da shi, ya warke. Majalisar masallaci ta samu abin tattaunawa. Masu cewa baki ne suka koma cewa zauren Baba ne ke da abin da ke cikinsa, har wani ya ba da shawarar a yi turare. Baba ya ce Kawu ne ya yi wa mashin asiri don ya gaje shi da rai. Kawu ya daina cin abinci da daɗi. Na same shi wata rana zaune ya tasa batir a gaba yana kallonsa kamar zai yi masa tambaya.

Ni na gano abin, kuma ba da wata dabara ba. Matata ta aike ni in kai wa mahaifiyarta, Inna, wasu zannuwa da na yi wa kalmasa. Bayan azahar ne, rana ta take, unguwa ta yi kwanaki ba wuta. Ban saba zuwa gidan a wannan lokaci ba, don lokacin barcin Baba ne. Na yi sallama a zaure, Inna ta amsa daga ciki, na shiga na durƙusa na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Sunkuyawar ce ta kai idona kan tabarma.

Wayoyi ne jere a kan faifai, manya da ƙanana, sun fi ƙarfin a ce na gida ɗaya ne. Ga tocila biyu, ga rediyo. Duk an soka su a wata igiya mai kawuna da yawa kamar gindin rogo, igiyar ta hau ta shige cajar da ke kan mashin ɗin Baba. Inna na zaune a gefe tana tsintar wake, wata 'yar fanka mai caji tana hura mata iska, ita ma a jone.

Muka gaisa, ta tambayi jikokinta, ta duba kalmasa ta yaba. Ina shirin tashi ta ce, "Mai ɗinki, in taka ta mutu kawo ta, akwai kai guda da ba kowa."

Na ce, "A cike take, Inna. Na gode."

Da na koma gida na faɗa wa matata, sai ta ce ai duk matan unguwa can suke kai wa in an ɗauke wuta, ita ma takan aika da tata. Na ce to ta san abin da nake turawa ke nan tun farkon bazara? Ta dube ni, ta zauna a bakin gado ta yi dariya har da hawaye. Ta rantse ba wadda ta kawo haka a ranta. Su a ganinsu tunda mashin a kashe yake, ba ya shan mai, to wutar banza ce ke zaune a ciki ba mai amfani da ita.

Yanzu ga ni da magana a baki, ba wurin ajiye ta. In kai ƙarar suruka wajen suruki? Na kwana ina juyi. Da safe na je rumfar Kawu na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Kawu, da za ka ɗan ziyarci Baba bayan azahar, ina ganin zai ji daɗi."

Ya dube ni. "Ni in ziyarci bawana? Da wane dalili?"

Na ce, "Zauren yana da sanyi a lokacin."

Ya ƙara dubana, ya daɗe, sannan ya ce in zo in raka shi.

Da muka shiga zauren, Kawu ya tsaya cak. Ya bi igiyar da ido daga faifai har kan mashin. Sai ya dafa bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, ya yi ta dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ƙwala wa Baba kira da muryar da ta isa ta ta da unguwa.

Baba ya fito daga cikin gida da 'yar shara, idanu jajaye, riƙe da wata 'yar fanka da ke ta juyawa a hannunsa. Ya dubi Kawu, ya dubi faifai, ya bi igiyar da ido kamar yadda Kawu ya yi. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya juya ga Inna.

"Ke! Ashe ke ce?"

Inna ko tsintar wakenta ba ta tsayar ba. "Ni ce mi? Ɗiyana sunka sai mashin ɗin ga. Kai ka hau da sahe, ni in hau da rana. Kuma wagga fanka da kaka riƙe, da kaka cewa ta hi ta kowa iska, ina kaka tsammanin taka samun wuta?"

Baba ya juyo gare ni. "Mi tac ce?"

Duk tafintar da na yi a baya ba ta shirya ni wa wannan ba. Kawu ya ce in matsa, wannan aikinsa ne. Ya kafa baki a kunnen Baba ya maimaita maganar Inna kalma-kalma, har da ƙarin da ba ta yi ba. Baba ya dubi fankar da ke hannunsa. Bai kashe ta ba. Ya ɗan juya ta ta fuskanci wuyansa, ya ce to ai da sai a faɗa masa. Inna ta ce ai da sai a tambaye ta.

A ranar Kawu ya mayar da cajar ta bi ta makulli, a gaban matan maƙwabta da suka zo karɓar wayoyinsu suna harararsa. Wata tsohuwa ta ce masa Allah ya isa. Kwana biyu Inna ba ta yi wa Baba magana ba, wanda bai lura ba sai da aka faɗa masa. Matata ta kira 'yan'uwanta ta ba su labari, na Agadas ya aiko da faifan sola da batir ɗinsa, aka kafa a kan rufin ɗakin Inna. Zaman caji ya tashi daga zaure ya koma tsakar gida, ya ma fi da cika.

Mashin bai sake kwanciya ba. Da safe sai in ji ƙararsa ya wuce shagona, Baba ya danna mini oda don gaisuwa, allura ta kauce daga layi, in warware in sake. Mai shayi ya ce unguwa ta yi shiru tunda na yi ritaya.

Bayan sallah na je rumfar Kawu kai masa rigar da na ɗinka masa ta godiya, na tarar da Baba a can, zaune a benci ɗaya da shi, suna cin dabino daga leda ɗaya suna zagin juna. Baba ya ce yawwa, gara da na zo, in zama shaida. Ya ce ya daɗe yana nazarin faifan nan na kan rufin Inna. Tunda rana ce ke ba shi wuta, shi kuma kullum cikin rana yake tafiya, mi zai hana a ɗaura masa irinsa a bayan mashin, a yi masa ƙafafu ya zama har da inuwa? In an yi haka sai a mayar masa da fitilarsa da aka cire, kuma ya ga wata 'yar firji a Kwanni.

Kawu ya tauna dabinonsa a hankali, ya tofar da ƙwallon, ya ce mini, "Mai ɗinki, hwaɗa mashi na ce sai ranar da nim mutu."

Na durƙusa na ce, "Baba, ya ce zai duba."